Yaƙin Malam Labaran da Hasken Rana

Shekara goma sha bakwai Malam Labaran ya yi yana kallon kujera ɗaya. Kujera ce mai juyawa, mai laushin baya, tana ƙarƙashin babbar tagar rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayil-fayil a wata hukumar gwamnati da ke cikin garin Kaduna. Madam Patience ce a kanta, kuma ƙarshen wata za ta yi ritaya. Mutum biyu ne kaɗai suka isa su gaje ta: shi Labaran, da Samuel, wani mutumin Kafanchan marar yawan magana, wanda ko atishawa zai yi sai ya duba abin da dokar aiki ta ce. Darakta ya riga ya sanar cewa a wurin walimar bankwana da Madam zai faɗi sunan wanda ya zaɓa.

A wurin Labaran zaɓen ya ƙare tun kafin a fara. A majalisarsu ta ƙofar shagon Bilal tela a Hayin Banki, ya daɗe da hawa kujerar, har ya juya a kanta sau da yawa. Ya ce abu ɗaya ya rage, ya nuna wa Darakta cewa shi mutum ne mai sabon tunani, ba irin masu buga hatimi su koma gida ba. Sabon tunanin ne dai bai zo ba tukuna.

Ana haka sai hukumar ta gayyato wata likita, Dakta Nafisat, ta yi wa ma'aikata bita a kan barci da lafiya. Labaran ya zauna a layin gaba, yana gyaɗa kai tun kafin ta yi sallama. Likitar ta ɗaga wani tabarau ruwan goro, ta ce irin wannan yana tare shuɗin haske, hasken da ke sa jiki ya ƙi shirin barci. Daidai nan hancin Labaran ya jiyo ƙamshin dafa-duka daga baranda. Shi kuwa tsohon ma'aikaci ne, ya san duk wanda ya jira ƙarshen bita, shinkafar da ba nama yake samu. Ya sa waya a kunne kamar an kira shi, ya sulale.

Abin da ya wuce shi ba shi da yawa. Likitar ta ce tabarau ɗin na bayan magariba ne, lokacin da mutane ke manne da waya da talabijin. Da rana kuwa jiki neman hasken yake yi, musamman na safe, don da shi yake gane gari ya waye, ya kuma san lokacin da dare zai yi. Labaran ya dawo ana tafi, leɓensa na ƙyallin mai, ya fi kowa tafawa.

Da yamma ya kai wa majalisa sakamakon bincikensa. Ya ɗaga wayarsa ya tambaye su girmanta, suka ce tafin hannu. Ya nuna sama ya tambaye su launinta, suka ce shuɗi.

"To ku auna," in ji shi. "In ɗan wannan abin yana hana barci, ina ga wannan da ya rufe Kaduna har Zariya? Likitar ma ba ta kai nan ba. Ni na ƙarasa mata."

Washegari ya shiga kasuwa ya ce a ba shi mafi ƙarfi. Aka ba shi wani mai faɗi, ruwan goro mai duhu har ya kusa ja, wanda ya rufe masa rabin fuska. Duniya ta koma masa kamar an zuba mata manja, shi kuma ya ce yanzu ne ya fara ganinta yadda take.

Da ya fito da shi da safe, Bilal ya ɗago daga kan keken ɗinki ya tambaye shi ko walda ya koma. Labaran ya ce walda yake yi wa lafiyarsa. Magajiya mai ƙosai ta ja mayafi ta kare idonta, ta ce ya tsaya daga nesa, ita ba ta da lokacin ciwon idon apolo. Ya tsaya daga nesan ya yi mata bayanin shuɗin haske har ƙosanta ya kusa ƙonewa, ta ce Allah Ya ba shi lafiya. Ya ce ai lafiyar ce a fuskarsa. Ta ce to Allah Ya ƙara, don da saura.

Ba ya cire tabarau ɗin sai in zai yi alwala. Da zarar an yi magariba kuwa sai ya zare shi, ya goge da gefen riga, ya sa a gidansa, ya ce abokin gaba ya faɗi, sai kuma gobe. Daga nan ya miƙe a gado da waya a saitin hanci, yana abin da ya kira ƙarin bincike, har zakarun maƙwabta su fara gyaran murya. Matarsa Rabi ta ce ita dai tun da aka kawo maganin barcin nan gidan ba ta ƙara ganinsa yana barci ba. Ya ce haka magani mai kyau yake, sai ya tayar da ciwon kafin ya kashe shi.

A satin ne Rabi ta aike shi sayen yadin makarantar 'yarsu Yasmin, ta ba shi ƙyallen tsohon, shuɗi, don ya gwada. Ya gwada da kyau a kasuwa, ya ga sun yi daidai, duka baƙi-baƙi. Ya kawo. Rabi ta warware yadin a tsakar gida, kore shar.

"Baban Yasmin, makarantar ka canza mata?"

"Idonki ne. Kin cika shanya a rana."

Ta ce to ita da idonta da ya lalace za su mayar da yadin gobe, shi da nasa mai lafiya ya zauna a gida. Da mutum ne mai ɗaukar darasi, da nan ya tsaya. Labaran bai taɓa ɗaukar darasi ba, bayarwa kawai yake yi.

A ofis ya fara da rajista. Ya tattaro tsofaffin bangon fayil ya lilliƙe tagogin ɗakin, har da babbar da ke bisa kujerar. Madam Patience ta dube shi, ta dubi kalanda, ta ga kwana goma sha ɗaya suka rage mata, ta ce ya yi abin da ya ga dama. Ɗakin ya koma kamar cikin rumbu. Kafin sha ɗaya na safe hamma ta fara zagayawa daga tebur zuwa tebur, mai buga takardu ta kifa kai a kan na'urarta. Labaran ya bi su da kallo cike da jin daɗi, ya ce ga shi nan, barcin da likita ta yi alkawari ya iso tun ba a je ko'ina ba. Samuel kuwa kullum da safe yakan ɗauki fayil-fayil ɗinsa ya fita baranda ya yi aikinsa a hantsi. Labaran ya ce tausayinsa yake ji, mutum na kashe kansa a tsaye.

Shi kansa barcin rana ya fara kama shi a inda bai shirya ba. Ran Laraba ya shiga bas zai koma gida, ya ce a sauke shi a Kawo. Ya farka ya ji kwandasta na kiran Katabu, an wuce Rigachikun da shi tuntuni, kansa a kafaɗar wani mai buhun barkono. Bai iso gida ba sai bayan la'asar sakaliya, yana atishawa. Ya gaya wa majalisa fili ya je dubawa, don shugaban rajista bai kamata ya tsufa a gidan haya ba. Bilal ya ce ai ya ga alama, har da shaidar buhun filin a kumatunsa.

Yanzu sai na faɗi wata al'ada ta hukumar nan, don ita ce ta ci Labaran. A can kowane launin biro da mai shi. Ƙananan ma'aikata da shuɗi ko baƙi suke rubutu a fayil. Kore kuwa na Darakta ne shi kaɗai. Ba a karanta sa hannu a gidan, launi ake karantawa. In koren rubutu ya ce a yi, yi ake, ko da mutum bai gane dalili ba, musamman ma in bai gane ba.

Darakta ya tafi taro Abuja na mako guda. Cikin fayil-fayil ɗin da aka sauko da su daga ofishinsa akwai na gyaran gini, da koren bironsa maƙale a ciki, ya manta. Da wani ne ya gani, da hannu biyu zai mayar da shi sama. Labaran ya gan shi ta cikin tabarau, ya ga biro baƙi-baƙi kamar kowane biro, ya ce Allah Ya kawo, dama nasa ya ƙare. Kuma ga fayil ɗin gyaran gini a buɗe a gabansa. Nan take sabon tunanin da ya daɗe yana jira ya sauko masa gaba ɗaya.

Shawara ya yi niyyar rubutawa, wadda Darakta zai gani in ya dawo. Amma da yake ya fara koyon rubutun manya, sai ya ga "ina roƙon a duba" ba ta dace da mai jiran kujera ba. Ya rubuta: "A rufe dukkan tagogin ginin nan da baƙar leda mai kauri kafin ranar walima, domin lafiyar ma'aikata." Ya ja sabon sa hannun da ya kwana uku yana gwadawa, wani cukurkuɗaɗɗen abu da ko shi ba zai iya karantawa ba.

Samuel ya shigo ɗaukar takarda, idonsa ya faɗa kan shafin. Ya tsaya.

"Malam Labaran, biron nan da kake rubutu da shi..."

"Mista Samuel, in tunani ya zo wa mutum, kada ka tambayi bironsa. Ka nemi naka tunanin."

Samuel ya buɗe baki zai ƙara, Labaran ya ce ya san zafin takara, amma a yi haƙuri, kujera ɗaya ce. Samuel ya juya ya koma baranda. Fayil kuma ya bi hanyarsa ta kullum, ya sauka a teburin Sama'ila, shugaban sashen gyare-gyare.

Sama'ila mutum ne da ƙwan fitila ɗaya kan ɗauke shi wata uku. Da ya ga kore, a kwana biyu ya gama. Aka kawo leda dami-dami, aka kafa tsani ta kowace kusurwa, aka naɗe ginin hawa biyu tun daga ɗakin masu gadi har ofishin Darakta da zauren taro. Masu wucewa a titi suka riƙa tambaya ko feshin maganin ƙwari ake yi. Labaran ya tsaya a farfajiya yana kallo, ƙirjinsa kamar zai fashe don murna. Lissafinsa ɗaya ne: an karanta wa Darakta shawarar ta waya, ya amince daga Abuja. Da yamma ya gaya wa majalisa cewa yanzu ba ma maganar rajista ake ba, ya fara jin ƙishin-ƙishin za a nemi ya zagaya sauran hukumomi. Ya ce Bilal ya guga masa babbar rigarsa ta Sallah.

Ranar Alhamis Darakta ya taho kai-tsaye daga tashar jirgin ƙasa. Direbansa ya wuce ƙofar hukumar sau ɗaya, don bai gane ginin ba. Aka shiga zauren taro ƙarfe goma sha ɗaya na safe da fitilu a kunne. Madam Patience ta sha ado da 'yan uwanta da mutanen cocinsu, Dakta Nafisat na cikin manyan baƙi, Labaran na layin gaba cikin babbar riga da tabarau. Ba a gama addu'ar buɗe taro ba aka ɗauke wuta. Janareta kuwa tun watan jiya fayil ɗin gyaransa ke jiran koren biro.

Duhu ya rufe zauren ɗif, fanka ta tsaya, zafi ya taso. Wani ya yi karo da teburin lemo, kwalabe suka bi ƙasa suna gangarawa. Mutane suka fara kunna fitilun wayoyinsu. Sai aka ji muryar Labaran daga gaba yana roƙon jama'a su kashe, don wannan shi ne ainihin dafin da ake gudu.

Darakta bai ɗaga murya ba, kuma waɗanda suka san shi sun fi tsoron haka. Ya tambayi wanda ya naɗe masa ofis kamar ƙullin alale. Sama'ila ya fara miƙewa, Labaran ya riga shi, don kada wani ya kwashe ladan.

"Ranka ya daɗe, tunanin nawa ne. Kai kuma ka nuna hangen nesa da ka amince."

"Ni na amince?"

Sama'ila ya ce umarni ya gani a rubuce, ya aika aka kawo fayil. Darakta ya haska shafin da wayarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce rubutun ba nasa ba ne, sa hannun ma bai yi kama da na ɗan Adam ba. Labaran ya ce nasa ne, sabo ne. Darakta ya miƙa masa fayil ɗin ya ce ya gaya wa jama'a launin tawadar.

Labaran ya kai shafin kusa da tabarau. "Shuɗi ne, ranka ya daɗe. Mai ɗan duhu."

"Sama'ila, yage mana leda ɗaya. Kai kuma cire abin nan."

Aka yage ledar tagar da ke bayan babban tebur. Rana ta faɗo cikin zauren, kowa ya runtse ido. Labaran, da ya yi mako biyu bai ga hantsi da idonsa ba, hawaye suka zubo masa sharkaf. Da ya samu ya buɗe ido, ga rubutunsa a gabansa, kore shar, irin yadin Yasmin. Duk da haka ya yi ta maza, ya ce kuskuren biro daban, ilimi daban, ga likita nan a tambaye ta, ita ta ce shuɗin haske na hana barci.

Dakta Nafisat ta miƙe tana danne dariya. Ta ce ta faɗa, amma da dare take nufi. Ta ce ko da daren ma tabarau ɗin wasu yana taimaka musu, wasu ba ya yi, bincike bai gama yanke hukunci ba, ajiye wayar ya fi sauƙi. Wanda ya hana idonsa hasken safe kuwa, ya rufe kansa a duhu, to ya rikita agogon jikinsa, zai yi ta gyangyaɗi da rana, dare kuma ya ƙi masa. Ta ce duk wannan ta yi bayaninsa a rabin bitar na biyu.

"Malam, kana wurin kuwa?"

Labaran ya ce yana wurin da zuciyarsa. Madam Patience, wadda ta shekara goma sha bakwai tana haƙuri kuma minti arba'in suka rage mata a aikin gwamnati, ta jawo makirufo duk da ba wuta.

"Yana layin shinkafa, Dakta. Ni na ba shi cokali."

Zauren ya ɗauka. Mutanen coci suka yi ta dariya suna fifita da takardar shirin taro, Sama'ila ya riƙe ciki, har Darakta sai da ya juya baya ya gyara hula. Samuel ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi wa Labaran ciwo.

Da aka lafa, Darakta ya ce ba zai ja magana ba, zafi ya yi yawa. Kujerar rajista ta Samuel ce daga Litinin. Malam Labaran kuwa, tunda likita ta ce rana jikinsa ke nema, hukuma ba za ta yi masa rowa ba. An mayar da shi sashen kai wasiƙu, zai riƙa zagaya ofisoshi daga cikin gari har Rigachikun. Amma kafin nan, duk ledar da aka liƙa da umarninsa, shi zai cire ta da hannunsa, ya goge gilashin. Ya miƙa hannu, Labaran ya zaro koren biron daga aljihun babbar riga ya ba shi da hannu biyu.

Kwana huɗu ya yi a kan tsani. Tagar rajista ce ta ƙarshe. Da ya ɓamɓare ledar waje, aka cire bangon fayil ɗin ciki, haske ya sauka kan kujerar, da Samuel a zaune a kanta yana jera takardu. Samuel ya ɗago ya yi masa sannu da aiki, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba. Labaran ya amsa, ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas.

Abin haushin shi ne maganin ya yi aiki. Tun da ya fara yawon wasiƙu a hantsi, ana idar da isha'i yake faɗuwa kamar an sare shi, waya a ƙasa, sai kiran asuba. Rabi ta ce ba ta taɓa ganinsa da lafiya haka ba. Tabarau ɗin ta ɗauke, da shi take yanka albasa.

A majalisa Labaran ya bayyana cewa shi ya nemi canjin da kansa. Ya ce zangon farko na binciken ya nuna illar duhu, yanzu yana zango na biyu, kuma sakamakon da ya samu ya zo daidai da na likitar, wanda ke nuna yarinyar ta yi karatu. Aka bar shi ya gama, har da shawarar da ya ba Magajiya ta riƙa suya a rana. Sai Bilal ya tsayar da keken ɗinki.

"To, kujerar fa?"

Labaran ya dubi takalminsa da ya fara cinyewa ta dunduniya. Shekara goma sha bakwai ba wasa ba ce, kuma ya ji su duka a lokacin.

"Tana nan," ya ce a hankali. "Kullum da safe in na je ɗaukar wasiƙu ina ganinta ta taga. Tana fitowa sosai. Ni na goge gilashin."